Kalmomin Turanci na Faɗa da Tsawatarwa: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya buɗe ƙamus yana neman yadda zai ce "ya tsawata masa" da Turanci zai tarar da jerin kalmomi rututu: *scold, rebuke, reprimand, reproach, chide, admonish, berate*, da wasunsu. Ƙamus yakan jera su kamar duk jirgi ɗaya ya kwaso su, alhali kowace da wurin zamanta. Abu uku ne ke raba su: wa ke yi wa wa faɗa, a hukumance ake yi ko tsakanin mutum da mutum, sannan yaya zafin faɗan yake. Amsoshin da ke ƙasa duk a kan waɗannan ukun suka doru.

Ba zan iya amfani da *scold* a ko'ina in huta ba?

A'a. *Scold* faɗan babba ne ga yaro: uwa da ɗanta, kaka da jikanta, malamar firamare da ɗalibinta. Har kare ana yi wa. "She scolded the children for playing in the rain" daidai ne, babu wanda zai ɗaga gira. Amma idan ka rubuta cewa gwamna ya yi *scolding* ɗin kwamishinansa, ka mayar da kwamishinan ƙaramin yaro, kuma Bature mai karatu zai ɗauka da gangan ka yi don ka muzanta shi. 'Yan jarida sukan yi hakan da niyya idan suna son nuna cewa an raina wani babba a bainar jama'a.

A Birtaniya ta yau kalmar ta ɗan tsufa a baki, an fi jin ta a rubutu. Uwa a Landan za ta fi cewa "I told him off." A Indiya, Singafo da Nijeriya kuwa har gobe tana da rai a maganar yau da kullum.

Tarihinta ma ba mai daɗi ba ne. A tsohuwar dokar Ingila akwai laifin da ake kira *common scold*, wato mace masifaffiya da ta addabi unguwa da bakinta. Hukuncinta shi ne a ɗaure ta a kujera a riƙa tsoma ta cikin ruwa, a wasu wuraren kuma a sanya mata linzamin ƙarfe a baki. Sai a 1967 aka share laifin daga littafin doka. Saboda haka kiran mace "a scold" cin fuska ne, ba wasa ba.

Mene ne bambancin *rebuke* da *reprimand*?

Nan ne ake yawan tuntuɓe. *Rebuke* tsawa ce mai kaifi, gajeriya, sau da yawa a gaban mutane, kuma ba lallai mai yin ta ya kasance shugabanka ba. Alƙali zai iya yi wa lauya, liman zai iya yi wa jama'a, wata ƙasa za ta iya yi wa wata. Har masu zaɓe ana cewa sun yi: idan jam'iyya mai mulki ta sha ƙasa, jaridu sukan rubuta "a stinging rebuke to the government", ma'ana jama'a sun kwaɓe ta da ƙuri'a. Sifofin da suka saba rakiyarta su ne *sharp, stern, stinging, public*, da *mild* idan an sassauta.

*Reprimand* kuwa ta ofis ce. Sai wanda ke da iko a kanka a tsarin aiki yake yin ta: shugaban ma'aikata, kwamandan soja, hukumar ladabtar da likitoci ko lauyoyi. Galibi a rubuce take, kuma tana shiga fayil. Wannan shi ne babban abin lura. Wanda aka yi wa *rebuke* ya ji zafi ya wuce. Wanda aka ba *reprimand* zai iya ganin tasirinta ranar da ake duba takardun ƙarin girma. A rundunar sojin saman Amurka ma mataki uku ne a jere, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: *letter of counseling*, sai *letter of admonishment*, sai *letter of reprimand*.

Don haka kada ka ce matarka ta yi maka *reprimand*, sai dai in barkwanci kake yi cewa gidan ya zama barikin soja.

To ina matsayin *query* da ake ba ma'aikata a Nijeriya?

A Turancin Nijeriya, *query* takardar tuhuma ce: shugaba ya rubuto maka ka bayyana dalilin da zai hana a hukunta ka, ya kuma ba ka wa'adi, sau da yawa awa 24 ko 48. A tsari ita ba hukunci ba ce, matakin farko ne, sai an ga amsarka sannan a yanke ko a ja maka kunne ko a wanke ka. Amma a Birtaniya da Amurka *query* tambaya ce kawai, irin wadda mai saye zai aika wa kamfani game da kuɗin wuta. Idan ka ce wa Ba'amurke "My boss gave me a query," zai zaci tambaya aka yi maka, ya jira ya ji sauran labarin. Abin da ya fi kusa a Birtaniya shi ne "I was asked to explain myself in writing", idan kuma an kai ga hukunci, "I got a written warning." A Amurka sukan ce "I got written up." A Indiya da Malesiya irin wannan takarda sunanta *show-cause notice* ko *show-cause letter*.

Na ga *reproach* a wani rubutu, ban gane ko faɗa ba ne ko ƙorafi.

Tsakaninsu take. *Reproach* faɗan wanda ransa ya sosu ne, ba wanda ya fusata ba. Aboki ne da ka ƙi zuwa gaisuwar rasuwar mahaifinsa, ya dube ka ya ce bai zaci haka daga gare ka ba. Babu ɗaga murya, babu iko, sai dai ka ji kunya ta rufe ka. Shi ya sa ake iya yin ta da ido kaɗai: "a look of reproach", ko "a reproachful look". Mutum kuma yakan yi wa kansa: "She reproached herself for not calling earlier." Ƙarami zai iya yi wa babba ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, wanda *scold* da *reprimand* ba su yarda da shi ba.

A yau an fi haɗuwa da ita a cikin "beyond reproach" ko "above reproach", wato mutumin da ba a same shi da abin zargi ko kaɗan ba. Yabo ne babba, kuma yana da kyau a takardar shaidar hali.

Wace kalma ce ta jan kunne cikin lalama?

Uku ne: *chide, admonish, reprove*. *Chide* ita ce mafi taushi, faɗa ne da murmushi a gefe: "She chided him gently for forgetting his cap." Sigarta ta abin da ya wuce *chided* ce, *chid* da *chidden* sai a tsofaffin littattafai. *Admonish* jan kunne ne mai haɗe da nasiha, tana duban gaba fiye da baya, kuma tana da siga biyu da ya kamata a bambance. "He admonished them for being late" faɗa ne kan abin da aka riga aka yi. "He admonished them to be patient" kuwa horo ne da su yi haƙuri, babu laifin da aka aikata. Masu fassara wa'azi sukan so ta saboda wannan fuska ta biyu. A kotun Sikotland *admonition* hukunci ne na sosai: an same ka da laifi, an ja maka kunne, an sallame ka, amma yana cikin tarihinka.

*Reprove* ta tsufa. Ka san ta don karatu, ba sai ka yi amfani da ita ba.

Idan faɗan ya yi zafi sosai fa, irin wanda ake wanke mutum tas?

*Berate* ita ce ta farko: dogon faɗa da ɗaga murya, ana yi ana ƙarawa. Tana ɗauke da wata ma'ana a ɓoye, cewa mai faɗan ya wuce gona da iri. "The customer berated the waiter for ten minutes" jumla ce da ta bar tausayin mai karatu a wajen ma'aikacin. Idan kana rubuta rahoto kana son ka nuna shugabanka ya yi daidai, kada ka ce ya yi *berating* ɗin kowa, domin ka kai ƙararsa ne ba ka sani ba.

*Castigate* caccaka ce mai tsanani, galibi a rubuce ko a jawabi, kan babban laifi: rahoton kwamitin bincike ya caccaki ma'aikatar da ta yi sakaci. Asalinta Latin ne, daga kalmar da ke nufin tsarkakewa ta hanyar horo. 'Yar'uwarta *chastise* a da tana nufin duka, bulala ta gaske, yanzu kuwa faɗan baki ne a mafi yawan lokuta. *Lambast*, wadda Amurkawa suka fi rubutawa *lambaste*, ta jarida ce. *Upbraid* ta adabi ce, *excoriate* kuma asalin ma'anarta feɗe fata, don haka ka ƙiyasta zafinta.

Yaya Turawa suke faɗa a hira ta yau da kullum? Ban taɓa jin wani ya ce *castigate* da baki ba.

Ba za ka ji ba, sai a rediyo. A baki ɗan Birtaniya zai ce "tell off": "The teacher told me off." Sunan aikin kuma "a telling-off". Ka lura da wurin wakilin suna: "told him off" ake cewa, ba "told off him" ba. Idan suna ne cikakke, duka biyun sun halatta: "told the boy off" ko "told off the boy". Akwai kuma "have a go at someone", wato a far masa da faɗa, da "have a word with someone", wadda a ido magana ce kawai amma idan shugaba ya ce "Can I have a word?" to ka shirya.

Ba'amurke zai ce "chew out" ko "yell at": "My dad chewed me out." Duka ɓangarorin sun san "a dressing-down", wankin babban bargo daga shugaba, da "give someone a piece of my mind", wato in amayar masa da abin da ke cikina.

Tarko ɗaya ne a nan: "tick off". A Birtaniya "She ticked him off" na nufin ta yi masa ɗan faɗa. A Amurka jumlar nan tana nufin ta ɓata masa rai, ta tunzura shi. Idan ba ka san wanda zai karanta ba, ka kauce mata. Akwai kuma *bollocking* da za ka ji a bakin 'yan ƙwallo da sojojin Birtaniya. Ashar ce, ka gane ta amma kada ta fito daga bakinka a wurin aiki.

Me ya sa aka ce in daina cewa "he abused me" idan an zage ni?

Domin ma'anar ta yi nisa da abin da kake nufi. A Nijeriya da Gana *abuse* zagi ne, kuma wannan tsohuwar ma'ana ce ingantacciya, har yanzu tana nan a cikin "verbal abuse" da "shout abuse at the referee". Amma a Birtaniya da Amurka na yau, idan ka ce "my teacher abused me" ba tare da ƙarin bayani ba, abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne cin zarafi na duka ko na lalata. Ɗalibi ko ma'aikacin jinya da ya faɗi haka a can zai iya tayar da binciken da bai nufa ba, domin malamai da ma'aikatan lafiya suna da ƙa'idar kai rahoton irin wannan magana. Ka ce "he insulted me", ko "he swore at me" idan ashar ya yi, ko "he shouted at me" idan tsawa ce kawai.

*Censure* da *censor* kalma ɗaya ce?

Ba ɗaya ba ce, ko da yake tushensu guda. *Censor* tace labari ne ko fim, a cire abin da hukuma ba ta so. *Censure* kuwa tir ne a hukumance, wanda majalisa ko ƙungiya ke yi ta hanyar ƙuri'a. A furuci, ta farko "sensa", ta biyu "sensha".

Majalisar Amurka ce ta fi fito da ma'anar fili. A 1834 majalisar dattawa ta yi wa Shugaba Andrew Jackson *censure* a rikicin cire kuɗaɗen gwamnati daga babban bankin ƙasar na lokacin, a 1837 kuma magoya bayansa suka sa aka soke ƙudurin daga kundin majalisa. A majalisar wakilai an bambanta matakai biyu: wanda aka yi wa *censure* sai ya tsaya a tsakiyar zauren shugaban majalisa ya karanta masa ƙudurin kowa na kallo, wanda aka yi wa *reprimand* kuwa ba a tsayar da shi. Babu ɗayansu da ke raba mutum da kujerarsa; wannan aikin *expulsion* ne. A Disamban 1954, da dattawa suka juya wa Sanata Joseph McCarthy baya da ƙuri'a 67 da 22, kalmar da ƙudurin ya ɗauka ita ce *condemn*, duk da cewa tarihi ya ci gaba da kiran abin *censure*.

To *condemn, denounce* da *deplore* fa?

Waɗannan na Allah-wadai ne, kuma an fi yin su kan aiki, ba a fuskar mutum ba. Ba ka *condemning* ɗin yaron da ya fasa kofi. *Condemn* sai babban abu: hari, kisa, juyin mulki. Tana da wasu ma'anoni biyu da ya kamata a sani: yanke hukunci, kamar "condemned to death", da ayyana gini a matsayin wanda bai dace a zauna a ciki ba. *Denounce* fitowa fili ne a la'anci abu, wani lokaci kuma tona asirin mutum ga hukuma. *Deplore* tir ne mai haɗe da takaici, kuma ba ta kai *condemn* nauyi ba.

Jami'an diflomasiyya sukan kwana suna jayayya a kan wannan tsani. Daga ƙasa zuwa sama: "expresses concern", "regrets", "deplores", "condemns", "strongly condemns", sai "condemns in the strongest terms". Ƙuduri mai lamba 660 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka zartar ranar 2 ga Agusta 1990, *condemns* ya ce game da mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwaiti. Mai fassara labari da ya mayar da "regrets" da "condemns" duka "ta yi Allah wadai" ya ɓatar da ainihin labarin, domin sau da yawa labarin yana cikin matakin da aka zaɓa ne.

Waɗanne ƙananan kalmomi ne ke bin kowace? A nan nake faɗuwa a jarrabawa.

Mafi yawansu *for* suke ɗauka, sannan suna ko aikatau mai ƙarewa da *-ing*: "scolded him for lying", "reprimanded her for negligence", "criticised them for arriving late". Ba a cewa "for to lie", ba a kuma cewa "scolded him that he lied".

Masu bauɗewa su ne ake kamawa da su. *Accuse* tana ɗaukar *of*: "accused him of theft", ba *for* ba. *Charge* tana ɗaukar *with*. *Blame* hanya biyu gare ta, kuma tsarin yana juyawa: "blamed the driver for the accident", amma "blamed the accident on the driver". *Disapprove* dole sai da *of* idan rashin jin daɗi ake nufi: "Her father disapproves of the marriage." In ka cire *of*, ka koma ma'anar ƙin amincewa da takarda a hukumance, kuma ko a nan *reject* ta fi yawa. *Object* tana ɗaukar *to* da *-ing*: "I object to being shouted at." *Frown* kuwa da *on* ko *upon* take ba da ma'anar abin da jama'a ba sa so ko da ba a haramta shi ba: "Smoking here is frowned upon." "Frown at" haɗe fuska ne ga mutum, duk da cewa jaridun Nijeriya sukan yi amfani da ita da ma'ana ta farko. A jarrabawar WAEC ko IELTS ka bi ƙa'idar.

"Shout at" da "shout to" ma daban suke: ta farko tsawa, ta biyu kira daga nesa.

*Warn* da *caution* faɗa ne su ma?

Gargaɗi ne, amma a wasu wurare sun zama hukunci. A ƙwallon ƙafa *caution* ita ce sunan katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa a cikin dokokin wasa. A Ingila da Wales *police caution* ba jan kunnen baki ba ne: sai mutum ya amsa laifi ake ba shi, ana ajiye shi a kundin 'yan sanda, kuma zai iya fitowa idan ana binciken tarihinsa don ɗaukar aiki. Baƙo da ya ɗauka nasiha ce kawai ya sa hannu, zai iya jin jiki daga baya.

Me ya sa kanun jaridu ke cike da *slam, blast, flay, carpet*?

Saboda gajeru ne, suna shiga layi, kuma suna da amo. Duk "ya soki" suke nufi, zafin da ke cikinsu na edita ne, ba lallai na mai maganar ba. Sau da yawa za ka karanta labarin ka tarar mutumin cewa kawai ya yi bai gamsu ba. *Flay, carpet* da *knock* sun yi kaka-gida a jaridun Nijeriya fiye da na Birtaniya ta yau. Kada ka kwashe su zuwa wasiƙar ofis ko rubutun makaranta. *Criticise* ta ishe ka, da *s* a tsarin Birtaniya, da *z* a na Amurka.

Daga ina "read the riot act" ta samo asali?

Daga wata doka ta gaske, Riot Act, da majalisar Birtaniya ta zartar, ta fara aiki a 1715. Idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tarzoma, sai jami'i ya karanta musu sanarwa da sunan sarki, a ba su awa ɗaya su watse, wanda ya ƙi ya aikata laifin da hukuncinsa kisa ne. An soke dokar a Ingila a 1967, amma maganar ta zauna. Yau idan uba ya yi wa 'ya'yansa haka, gargaɗin ƙarshe ne kafin hukunci.

Akwai kurakuran furuci da ya kamata in kiyaye?

*Scold* da *scald* daban suke. Ta biyun ƙonewa ce da ruwan zafi. A *condemn* ba a furta *n* ta ƙarshe, amma tana dawowa a *condemnation*. *Chide* da *chastise* da sautin "c" na Hausa suke farawa, kamar a "ciki". *Rebuke* kuma "ribyuk" ce, nauyin a gaɓa ta biyu.

Idan ni ne ƙarami, yaya zan nuna wa shugabana Bature ban ji daɗin abin da ya yi ba?

Ba da ɗaya daga cikin kalmomin sama ba. Kusan dukkansu na ba da labarin faɗa ne, ba na yin sa ba, babu mai duban wani ya ce "I scold you." Abin da ake yi shi ne a ɗora maganar a kan aikin da kuma kanka: "I have some concerns about this decision", ko "I was surprised not to be consulted", ko "I'm not comfortable with that." In abin ya yi tsanani a rubuce: "I wish to raise a formal complaint", wanda a dokar aiki ta Birtaniya ake kira *grievance*.

Haka kuma ka koyi jin nasu faɗan, musamman 'yan Birtaniya, da sukan naɗe shi cikin laushi. "I'm a little disappointed" daga bakin shugaba ba ƙaramin abu ba ne, ransa ya ɓaci sosai. "With the greatest respect" yawanci share fage ne na cewa ba ka da gaskiya. "That's not ideal" na iya nufin an yi ɓarna. Idan kuma imel ya fara da "As I mentioned in my previous email", to an gaya maka ne cewa ba ka karanta na farkon ba, kuma ana jiran amsarka yau.